Wata biyar ina ɓoye duwatsun da suka faɗa cikin tauraro

A shekarar 2014 na yi wata biyar cur ina ɓoye wa malamina wani sakamako, domin na ɗauka shaida ce a kan cewa ban cancanci kujerar da nake zaune a kai ba. An fi shekara goma yanzu, amma har yau idan na tuna watannin nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Abin da na ɓoye ɗin shi ne ya zama aikin rayuwata, shi ya sa nake son in ba da labarinsa yadda ya faru.

Ni ɗan lissafi ne tun asali, ban taso da ilimin taurari ba. Da na shiga digiri na biyu, burina in ƙware a kan hanyoyin da kwamfuta ke bi ta warware lissafin motsi. Malamin da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya miƙo mini takarda shafi biyu da ya rubuta da hannunsa, ya ce in gwada hanyoyin nan a kan wata matsala ta gaske. Ga tauraro a tsakiya, ga faifan iskar gas yana juyawa a kewayensa, ga dutse guda a cikin faifan. In rubuta manhajar da za ta bi sawun dutsen, in riƙa sauya girmansa, in kawo masa abin da na gani. Daga nan ya yi tafiyar aiki ta wasu watanni.

Kafin in fara sai da na nemi sanin menene wannan faifai. Tauraro yana samuwa ne daga wani katafaren girgije mai tsananin sanyi a sararin samaniya. Kusan kashi 99 cikin 100 na nauyin girgijen iskar gas ce, akasari haidirojin da hiliyam, ragowar kashi 1 kuma ƙura ce wadda ƙwayarta ba ta kai ɗaya bisa dubu na milimita ba. Idan wani sashe na girgijen ya yi nauyin da ba zai iya ɗaukar kansa ba, sai ya rufta ciki. To amma girgijen dama yana ɗan juyawa, kuma duk abin da ke juyawa, idan ya tsuke sai gudunsa ya ƙaru. Wanda ya taɓa ɗaura dutse a zare yana wulwulawa, ya bar zaren yana naɗewa a yatsansa, ya san yadda dutsen ke ƙara wuta yayin da zaren ke gajarcewa. Saboda wannan juyi, kayan ba sa iya faɗawa tsakiya kai tsaye ta kowane ɓangare. Na sama da na ƙasa suna sauka, na gefe suna tsayawa suna kewaye, har abin ya baje ya zama faifai, jaririn tauraro yana cibiyarsa. Immanuel Kant ya yi hasashen haka tun 1755, Laplace ya zo da makamancinsa a 1796, saboda sun lura duniyoyin da ke kewaya Rana duk suna kusan shimfiɗa ɗaya, suna kuma tafiya fuska ɗaya. Ba a ga faifan da ido ba sai ƙarni biyu bayan haka: a 1984 aka ɗauki hoton faifan ƙura a kewayen tauraron Beta Pictoris, a farkon shekarun 1990 kuma madubin hangen nesa na Hubble ya nuna faya-fayai da dama a girgijen Orion.

Abin da na koya tun ina sakandare game da sauran labarin gajere ne. Ƙura tana mannewa da ƙura ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, dutse ya zama tsauni, tsauni ya zama duniya. Ban taɓa tambayar wannan jerin ba. Da shi a kaina na kunna manhajata.

Na fara da ƙwayar ƙura, na ajiye ta a nisan da duniyarmu take daga Rana, wato kimanin kilomita miliyan 150. Ta yi ta kewaye abinta, iskar gas tana ɗauke da ita. Na sa dutse mai faɗin kilomita goma, shi ma ya zauna daram a kan hanyarsa. Sai na sa dutse mai faɗin mita ɗaya. A kan allon na ga layinsa yana naɗewa ciki kamar gammo, kewaye bayan kewaye, har ya shige cikin tauraron. Da na duba lokacin da ya ɗauka, bai wuce shekara ɗari ba.

Duk wanda ya karanta lissafin kwamfuta ya san abin da ake fara zargi idan abu mai kewaye ya fara zamewa daga hanyarsa: hanyar lissafin ce take yoyo, ƙananan kurakurai suna taruwa. A aji an nuna mana haka sau da yawa. Saboda haka ban yi wata-wata ba na ce laifina ne. Na rage tsawon matakin lissafi sau goma, dutsen ya faɗa. Na rage sau ɗari, ya faɗa. Na sauya hanyar gaba ɗaya, na sake rubuta manhajar daga farko har sau uku, ya faɗa, kuma kusan a daidai wannan lokacin. Wannan daidaito ya isa ya farkar da ni, domin kuskure ba ya maimaita kansa daidai wa daida a hanyoyi uku mabambanta. Amma akwai wata hujja da ta toshe mini ido. Ina tsaye a kan duniya mai faɗin kilomita 12,700. Ba yadda za a yi ta kai wannan girma ba ta bi ta girman mita ɗaya ba. Idan duk dutsen da ya kai mita ɗaya yana halaka cikin shekara ɗari, da ba a yi duniya ba. Tunda ga duniya, to lissafina ne ƙarya.

Malam ya dawo, na fara kauce masa. Idan ya tambaya sai in ce ana nan ana fama. Na nuna masa zanen ƙura da na babban dutse, na bar na tsakiya a cikin jaka. Na daina zama da abokan karatuna, saboda kowa yana maganar babin da ya kammala. Barci ya ƙaurace mini. Yayana ne yake ɗauke da nauyin karatuna, yana tauye kansa da iyalinsa, kuma tunanin in ce masa na gaza ya fi mini komai ciwo. Na rubuta takardar janyewa daga karatun, na ajiye ta a kwamfuta ban buga ba.

Yayan nawa ne ya gane da wani abu. Wata rana da dare ya zaunar da ni ya ce, "Kai, me ke cin ka? Ka rame, ba ka magana." Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa. Bai san komai game da taurari ba, amma ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Malamin naka ya ce ba daidai ba ne?" Na ce, "Yaya, ai bai gani ba." Ya yi shiru, ya ce, "To kai ka yi aikin, kai ka yi alƙalanci, kai ka yanke wa kanka hukunci. Shi kuma mene ne amfaninsa? Gobe ka kai masa. In ya ce ka gaza, ka dawo mu san abin yi."

Washegari na shiga ofishin malam hannuna yana rawa. Na ajiye zanen na ce, "Malam, akwai kuskuren da na kasa ganowa wata biyar ke nan." Ya ɗauki takardar ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni girman dutsen, na ce mita ɗaya. Ya tambayi shekarun, na ce wajen ɗari. Sai ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, tun yaushe ka samu wannan?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai, ya buɗe durowa ya ciro wata tsohuwar maƙala ta Stuart Weidenschilling, ta shekarar 1977. Ya ce, "Abin da na so ka gano da kanka ke nan, shi ya sa ban ba ka wannan tun farko ba. Ka gano shi cikin mako biyu, sannan ka yi wata biyar kana ƙoƙarin kashe shi." Ya kuma ce shi ma yana da laifi da bai matsa mini da tambaya ba. Ban taɓa jin malami ya faɗi haka ga ɗalibi ba, kuma ban manta ba.

A wannan daren na karanta maƙalar sau biyu, na koma kan shafi biyun da malam ya ba ni, na ga inda maganar take. Wata 'yar ƙaramar gaɓa ce a lissafin gudun iskar gas, wadda na raina saboda ƙanƙantarta. Dutse yana kewaya tauraro da gudun da ƙarfin janyowar tauraron ya wajabta masa, a nisan duniyarmu kimanin kilomita 30 a daƙiƙa. Ita kuwa iskar gas tana da wani mataimaki. Ta fi zafi da cunkoso a kusa da tauraro, don haka matsinta yana ɗan tura ta waje, yana rage mata nauyin janyowar. Sai ta kewaya a hankali kaɗan, da bambancin 'yan mitoci gomai a daƙiƙa, abin da bai wuce kashi 2 cikin 1,000 ba. Ke nan kowane dutse a cikin faifan yana tafiya ne iska tana bugun gabansa, dare da rana, ba hutu. Ƙwayar ƙura ba ta damu ba, domin iskar ce take ɗauke da ita, tare suke tafiya. Babban dutse ma bai damu ba, nauyinsa ya fi ƙarfin iskar. Na tsakiya shi ne abin tausayi: ya yi girman da iska ba za ta goya shi ba, bai kuma yi girman da zai yi banza da ita ba. Tana rage masa ƙarfi, yana gangarawa ciki. Fred Whipple ya hango wannan a 1972, Weidenschilling ya fitar da lissafinsa dalla-dalla. Masana suna kiran abin shingen mita ɗaya, kuma ya yi shekara kusan talatin yana hana su sakat.

Da na ci gaba da karatu sai na tarar shingen ma ba ɗaya ba ne. A Jamus, Jürgen Blum da abokan aikinsa sun yi shekaru suna harba dunƙulen ƙura a kan juna a ɗakin gwaji, har da cikin hasumiyar Bremen inda ake sakin kaya su faɗo don a kawar da tasirin nauyi na 'yan daƙiƙoƙi. Sun ga ƙananan ƙwayoyi suna mannewa idan sun haɗu a hankali. Amma da dunƙulen ya kai wajen milimita ko santimita, sai su fara karo suna komawa baya ba tare da sun manne ba, idan kuma gudun ya wuce kimanin mita ɗaya a daƙiƙa sai su farfashe. Ga kuma lokaci yana ƙurewa, domin binciken taurari matasa ya nuna yawancin faya-fayan nan suna watsewa cikin 'yan shekaru miliyoyi. Wani kason iskar tauraro ya haɗiye, wani haskensa ya kore. Duniya irin Mushtari, wadda ake kira Jufita, da ta ninka tamu nauyi sau 318 kuma akasarinta iskar gas ce, dole ta gama tara kayanta kafin a rufe kasuwar. Tun daga lokacin na daina jin daɗin jerin nan na ƙura, tsakuwa, dutse, tsauni. Ba ƙarya ba ne, amma yana tsallake daidai wurin da wahalar take, kuma yana sa yaro ya ɗauka an gama sanin komai. Ni da kaina wannan jerin ne ya sa na ƙaryata idona.

Ina cikin wannan karatu, a farkon Nuwamba 2014, malam ya aiko a kira ni. Na same shi a gaban kwamfuta, ya juyo mini da allon bai ce komai ba. Hoton HL Tau ne, wani jaririn tauraro da ke nisan tafiyar haske ta shekara kusan 450, wanda shekarunsa ba su wuce miliyan ɗaya ba. Na'urar ALMA ce ta ɗauka, tarin faranta 66 masu kama siginar rediyo a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, a tudu mai tsayin mita 5,000. A lokacin an baza farantan har tazarar kilomita 15 don a gwada iyakar ganinsu. Kafin ranar, hotunan irin waɗannan faya-fayai dusu-dusu suke, kamar fitila a cikin hazo. Wannan kuwa zobba ne a jere, mai haske, mai duhu, mai haske, mai duhu, kamar an zana da hannu. Na tsaya ina kallo, na ji hawaye ya taru mini. Abin da na yi wata da watanni ina gani a matsayin lambobi, ga shi Allah ya nuna mini da ido.

Na ce, "Malam, duniyoyi ne suka share waɗannan layukan." Ya ce in bi a hankali. Duniya tana iya share hanya a cikin faifai, gaskiya ne, amma akwai wasu abubuwan da ke iya yin zobe: iyakar da wani sinadari ke daskarewa ya zama ƙanƙara, ko tasirin maganaɗisu a kan iskar. Har yau ana muhawara a kan wane zobe ne na wane dalili. Sai ya yi mini tambayar da ta zama kan digirina: "Ka bar abin da ya yi zoben. Me zoben zai yi wa dutsenka?"

Na koma na saka wa faifan manhajata wani ɗan tudu, wato wurin da matsin iska ya fi na gefensa biyu. Na saki duwatsu daga waje. Suka gangaro kamar kullum, suka iso tudun, suka tsaya cak. Na saki wasu daga ɗan cikin tudun, sai na ga suna komawa waje suna hawa kansa. Dalilin yana cikin wannan 'yar gaɓar da na raina. A gefen ciki na tudun, matsi yana tura iska zuwa ciki, don haka tana gudu fiye da dutse, tana bugun bayansa, tana ɗaga shi waje. A kan ƙololuwar tudun kuwa iska da dutse gudunsu ɗaya, babu mai bugun wani. Ashe dutse ba tauraro yake nema ba, wurin da matsi ya fi yawa yake bi. A faifai mai santsi wurin nan shi ne tsakiya, shi ya sa yake halaka. Da an sami tudu a hanya, nan zai yada zango. Masana sun riga ni sanin wannan, ban ƙirƙiro komai ba, amma ranar da na ga ɗigon nan sun taru a layi ɗaya sun ƙi motsi, na tashi na yi ta zagaya ɗakin ni kaɗai. A 2018 wani shiri na ALMA ƙarƙashin jagorancin Sean Andrews ya ɗauki faya-fayai 20 da irin wannan kaifin gani, aka tarar zobba da ramuka sun zama ruwan dare.

Tara tsakuwa wuri ɗaya rabin aiki ne. Sauran rabin na same shi a aikin Andrew Youdin da Jeremy Goodman na 2005, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun tunani a wannan fanni. Kowa yana lissafin abin da iska ke yi wa tsakuwa, su kuma suka tambayi abin da tsakuwa ke yi wa iska. Tsakuwa ɗaya ba ta iya komai. Amma idan suka yi yawa a wuri guda, sai su ja iskar wurin ta bi gudunsu, bugun gaban ya ragu, gangarawarsu ta yi sanyi. Waɗanda ke tahowa daga baya a ɗaiɗaiku suna gangarowa da sauri, sai su cim ma taron su shige ciki. Taron ya ƙara nauyi, ya ƙara jan iska, ya ƙara tare na baya. A 2007 Anders Johansen da abokansa suka nuna a kwamfuta cewa cunkoson yana iya kaiwa inda nauyin taron zai rufta da shi gaba ɗaya, ya dunƙule ya zama jiki mai faɗin kilomita gomai ko ɗaruruwa. Wato ba a haye shingen mita ɗaya da ƙafa, tsallake shi ake yi. Hujjar da ta rufe mini ido wata biyar, cewa dole duniya ta bi ta kowane girma ɗaya bayan ɗaya, ita ce ba ta da tushe.

Kwamfutata ba ta da ƙarfin yin wannan gwaji, don haka na riƙe shi a matsayin abin da na karanta kawai, har ranar 1 ga Janairu 2019. Ranar ce kumbon New Horizons ya wuce ta gefen Arrokoth, wani jiki mai tsawon kilomita 36 da ke can bayan duniyar Naftun, nisan fiye da kilomita biliyan 6. Sanyin wurin ya adana shi kusan yadda aka yi shi. Dunƙule biyu ne manne da juna, kuma a mahaɗarsu babu alamar mummunan karo. Sun taɓa juna ne a hankali, da gudun da bai fi na mai tafiya a ƙasa ba. Haka ake sa ran gani idan daga girgijen tsakuwa ɗaya suka fito, suka yi ta kewaya juna har suka jingina.

Daga nan labarin yana sauri, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne iskar da ke kashe tsakuwa ita ce kuma take ciyar da jaririyar duniya. Idan jiki ya yi girman da janyowarsa ta fara tasiri, babban dutsen da ya zo wucewa yakan lanƙwasa hanya ya wuce abinsa. Tsakuwa kuwa, da ta lanƙwaso, iska tana rage mata gudu, sai ta kasa kuɓuta, ta naɗe ta faɗa kansa. Chris Ormel da Hubert Klahr sun bayyana haka a 2010, Michiel Lambrechts da Johansen suka faɗaɗa shi a 2012. Kogin tsakuwar nan da ke gangarowa zuwa tauraro ya zama abincin da ake kawo wa ƙwayar jaririyar duniyar har inda take. A bayan iyakar ƙanƙara, inda ruwa ke daskarewa ya ƙara yawan daskararrun kaya, ƙwayar tana saurin girma. Idan ta kai nauyin duniyarmu wajen sau goma, sai ta fara riƙe iskar gas, har ta kai matakin da take zuƙar ta babu ƙaƙƙautawa, ta share rami a faifan. Gefen wannan rami kuma tudun matsi ne, wanda zai tare wata tsakuwar. Ita ma duniyar ba lallai ta zauna inda aka haife ta ba, faifan yana iya jan ta ciki. Haka ake fassara duniyar da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano a 1995, ƙatuwa mai kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana huɗu kacal. Tamu duniyar kuwa ta yi jinkiri. Ta ɗauki shekaru miliyoyi gomai, bayan iskar ta watse, tana girma ta hanyar manyan karo, kuma ɗaya daga cikinsu ne ake ganin ya haifar da Wata.

Na riga na fara koyarwa lokacin da aka ga jaririyar duniya da ido. A Yuli 2018, Miriam Keppler da tawagarta, da babban madubin VLT da ke Paranal a Cile, suka toshe hasken tauraron PDS 70, sai ga ɗigon haske a cikin ramin faifansa. Tauraron yana nisan tafiyar haske ta shekara kusan 370, shekarunsa wajen miliyan 5. A 2019 aka gano ta biyu a wannan ramin, ta hanyar jan hasken da haidirojin ke fitarwa idan ya faɗa kan duniya ya yi zafi, wato an kama ta tana cikin ci. A 2021 kuma ALMA ta nuna ƙaramin faifai a kewayen ita wannan ta biyun, da kayan da za su isa a yi wata uku irin namu. Na kira malam a waya, ya riga ya yi ritaya, idonsa ya raunana. Na kwatanta masa hoton da baki. Ya ce, "Faifai a cikin faifai." Ya maimaita sau biyu, ya ce in sake karanta masa nisan.

Sau ɗaya na taɓa riƙe wani yanki na wannan tarihi a hannuna, a wani taron masana da na halarta. Guntun dutsen Allende ne, wanda ya faɗo daga sama a arewacin Meziko ranar 8 ga Fabrairu 1969. Baƙi-baƙi ne, cike da ƙananan ƙwallaye masu girman milimita, da wasu fararen ɗigo masu sinadarin kalsiyam da alminiyam. An auna shekarun irin waɗannan fararen ɗigo aka samu miliyan 4,567, su ne mafi tsufan daskararrun abubuwa da aka sani sun samu a faifan Ranarmu. Na duba su na ce a raina, ga tsakuwar da ba ta faɗa ba. 'Yan'uwanta masu yawa sun gangara sun ƙone, ita ta sami inda ta tsaya.

Yanzu ni ne nake miƙa wa ɗalibai shafi biyun nan, na kwafe su da hannuna daga na malam. Abu ɗaya na sauya: ina gaya musu tun ranar farko cewa duk abin da suka gani, mai kyau ko mai ban tsoro, su kawo mini a ƙarshen mako, kuma ba na jira su zo, ni nake bin su. A zangon da ya wuce wata ɗaliba ta tsaya a bakin ƙofa bayan kowa ya fita, tana rungume da kwamfutarta. Ta ce, "Malam, ina ganin na ɓata wani abu. Ƙurar tana nan, babban dutsen yana nan, amma na tsakiyan ya ɓace." Na jawo mata kujera, na tambaye ta girmansa. Ta ce mita ɗaya. Na tambaye ta shekara nawa ya ɗauka. Ta duba allon ta ce ɗari da 'yan kai, kuma ta gwada sau huɗu tun shekaranjiya, amsar ba ta sauya ba. Na ce ta buɗe mini layin da ta rubuta gudun iskar gas, ta karanta mini gaɓar ƙarshe da ƙarfi.